Tudun Bayan Unguwarmu

A shekarar da ruwa ya shiga gidajenmu a unguwar Taman Melati, a ƙasar da mijina ke karatu, maƙwabciyata, wata malamar makaranta 'yar ƙasar, ta shiga wata ƙaramar jam'iyya da ba ta da zance sai na ambaliya da sare dazuka. Ni baƙuwa ce, matar ɗalibi, ba ni da ƙuri'a. Amma sati biyu na yi ina ninke mata takardun kamfe, don ni ma katifata ta ruɓe.

Manyan 'yan takara biyu ne. Ɗaya ya yi alkawarin hana yanka tudun bayan unguwarmu, ɗayan ko uffan bai ce ba. Na biyun ya ci da ƙyar, kuma da ƙuri'un da ƙaramar jam'iyyarmu ta kwashe sun je wa na farkon, da shi ya ci.

Ranar da katafila ta hau tudun na ce mata, "Malama, anya ba mu muka kawo su ba?"

Ta ce, "Wancan mai alkawarin ma ƙarya yake, lah," yadda suke rufe magana a can.

Wataƙila gaskiyarta ce. Amma har muka tashi daga unguwar, duk sanda hadari ya haɗo sai in ɗora buhun shinkafata kan tebur, ina jin haushin kaina.