Mussata da Maganin Shanu

Ba a daɗe da tafiyar Nasara, Turawan mulki, ba aka ɗauki maigidana aiki a biron dabbobi, wato ofishin kula da dabbobi, na Dogon Dutsi. Aka ba shi kaki da hula, yana zaga ƙauyuka yana wanke shanu da maganin kaska, daga Sukukutane har Ɗan Kassari. Tun daga ranar, duk abin da ke tafiya da ƙafa huɗu shi ya fi kowa saninsa. Mu da aka haifa a gindin saniya muka koma jahilai.

Ina da kyanwa, mussa muke cewa, baƙa mai farin wuya, wadda na taho da ita cikin kwando daga gidanmu. Kullum da hantsi, in na gama daka, sai in miƙe ƙafa ta hau cinyata. In cire mata ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, in taje ta da guntun mataji, in murtsuke ƙuma tsakanin farce biyu. Ba ta yarda kowa ya taɓa ta, amma ni har ciki take buɗe mini.

Wata damina ƙuma ta yi mata yawa. Maigidan ya dawo ya tarar da mu a tsakar gida, ya tsaya yana kallona kamar ya kama ni ina shirme.

"Ke, wanga aikin mutanen da na," ya ce. "Kawo bokiti."

"Malam, maganin shanu na hwa. Mussa lasar jikinta take yi."

"Shanu nawa niw wanke da shi? Wacce tam mutu?"

Tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda ko ƙofar lekol, makarantar boko, ba ta taɓa takawa ba, ta leƙo ta kan darni ta ce, "Ɗana, ba a sa ma mussa ruwa." Dariya ya yi mata. Ya dama maganin, ruwan ya yi fari kamar nono, warinsa ya cika gidan. Da ya kai hannu, mussa ta yakushe shi ta haye rumbu.

"Kira ta," ya ce. Na kira ta.

Bayan wankan ta zauna a rana tana lasar jikinta, tun daga wuya har wutsiya, yadda Allah ya halicce ta. Kafin azahar miyau na zuba, ƙafafu na rawa. Na ɗura mata madara, ta dawo da ita. Da la'asar ta mutu a zanina.

Abin da ya ce shi ne wataƙila dama tana da ciwo. Bayan kwana uku ya fito da wata ƴar kyanwa daga aljihun kaki ya miƙo mini, sai ka ce ƙwarya ya fasa ya zo biya. Na ce ya mayar wa uwarta.

Na yafe wa mutumin nan, Allah ya jiƙansa, abubuwan da suka fi wannan girma. Wannan har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ba da shi kaɗai ba. Shi ta san ba ta yarda da shi ba, ta gudu. Muryata ta ji ta sauko daga rumbun, ni na riƙe ta aka tsoma ta.