Ranar da Tuzuru Ya Duba Lafiyar Aurena

Ko da tsufa zai sa in manta ranar da na fara sauka a Guangzhou, ba zan manta ranar da tuzuru ya zaunar da ni ya ce zai duba lafiyar aurena ba. An ɗan kwana biyu da yin abin, amma har yau in na ga kwalin tishu a kan tebur sai na ji gabana ya faɗi.

Tuzurun ɗan yayata ne. Ni ɗan kasuwa ne, jakunkuna nake sarowa a Shiling in tura Kano, ina kuma hayar ɗaki a unguwar Dengfeng. Shi karatu ya kawo shi China, ya gama digirin farko ya ƙi komawa gida. Da rana yana yi wa mutanenmu tafinta a kasuwar Canaan, sauran lokacin yana digiri na biyu ta intanet da wata makaranta ta ƙasar waje. Da na tambaye shi karatun mene ne, ya ce na gyaran aure da zaman iyali. Na ce ashe abin da goggonninmu suke yi kyauta da goro a baki, shi ake shiga jami'a a koyo yanzu. Ya ce ba ɗaya ba ne, nasa na ilimi ne, kuma sai an ba shi lasisi kafin ya fara. Shekararsa talatin da ɗaya a lokacin, ko zance bai taɓa zuwa ba. A gidan abincin da muke haɗuwa aka raɗa masa Likita.

Lasisin nan kuwa ba ya samuwa da karatun littafi kaɗai. Dole ya zauna da ma'aurata na gaske, ya naɗi zaman, malamarsa ta saurara ta ga ko ya iya. Nan gizo ya yi saƙa, domin mu Hausawan Guangzhou duk gwagware ne na wucin gadi, matanmu suna gida. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ko akwai mai matsala da iyalinsa. Kowa ya ba shi amsar da 'yan China suke ba mu in kaya sun ƙare: meyo, wato babu. Wa zai buɗe cikinsa a gaban yaron da yake yi masa cinikin wanduna?

Da wa'adin da makaranta ta ba shi ya matso, sai ya zo ɗakina ya durƙusa ya ce, "Kawu, ka rufa mini asiri." Ya ce zama ɗaya kawai, ta bidiyo, ni da mai ɗakina. Na amince, kuma ba tausayi kaɗai ya sa ba. An san ni da haƙuri, shekara ashirin da huɗu da aure ba a taɓa jin kanmu ba. Na ce a raina bari malamar tasa ta ga aure, ta sa a littafi.

A nan sai na faɗi wani abu game da kaina. Ban yi boko ba. Lokacin da annoba ta rufe hanya na maƙale a Kano, sai na shiga ajin yaƙi da jahilci, na zauna a benci da furfurata ina haɗa baƙi da wasali. Da na dawo Guangzhou da iya rubutu, ba wanda ya kai ni alfahari. A da saƙon murya nake tura wa mai ɗakina, dogo, in ba ta labarin abin da na ci da yadda muka kwashe da mai masana'anta. Da na iya rubutu sai na ga saƙon murya na marasa karatu ne, na daina. Don haka da hannuna na rubuta mata: "Ranar Asabar mai sulhun aure zai zauna da mu ta waya. Ki shirya." Na karanta sau uku, ban ga kuskure ko ɗaya ba, na tura.

Ranar Asabar bayan la'asar, lokacin hantsi ne a Kano, Likita ya iso da jaka. Ya juya mini ɗaki, ya kawar da samfurin jakunkunana, ya ajiye kujeru biyu a karkace, ya ce ba a fuskantar juna kai tsaye don kada mutum ya ji kamar a kotu yake. Ya kafa agogo, ya ce zaman minti hamsin ne. Sannan ya ajiye kwalin tishu a gabana. Na tambaye shi ko mura yake yi, ya ce nawa ne, ko da zan yi kuka. Na ce rabona da kuka tun rasuwar mahaifina. Ya rubuta wannan ma a takarda.

Kafin a kira gida ya ce zai zana taswirar dangi, maza a akwati, mata a da'ira. Muka fara daga kakana. Ba mu gama 'ya'yan baffannina ba takarda ta cika, ya juya bayanta, ita ma ta cika. Ya ce a littafinsu shafi ɗaya yake isa. Na ce to dangin littafinsu ba su da yawa, Allah Ya ƙara musu.

Da aka haɗa wayar, sai na ga mai ɗakina da hijabinta na fita unguwa, idanunta sun kumbura. Kusa da ita yayanta ne, wanda shi ne waliyyinta tun da mahaifinsu ya rasu, ya sha babbar riga, fuskar nan kamar an aiko masa da sammaci. Na gaishe shi, ya amsa da ƙyar. Ni ban gane komai ba. Likita kuwa murna ta kama shi, ya raɗa mini cewa shigowar dangi alama ce mai kyau.

Ya buɗe zaman da cewa duk abin da aka faɗa sirri ne, ba mai ji. Yayan ya ce wane sirri, ai tun ranar Laraba unguwa ta ɗauka. Likita ya yi kamar bai ji ba, ya duba katinsa, ya ce mataki na farko shi ne kowa ya kalli idon ɗan'uwansa ya kira shi da sunansa na yanka. Matar da shekara ashirin da huɗu ba ta taɓa kama sunana ba, ko mai irin sunana sai ta sakaya shi, ita ake cewa ta faɗa a gaban yayanta. Ta ja hijabi ta rufe fuska. Yayan ya matso da fuskarsa har ta cika wayar, ya ce, "Kai yaro, ba kai ne ɗan Hajiya ba? A gidanku haka ka ji ana yi?"

Likita ya fara gumi. Yayan ya ce a bar wasa, tunda shi ne mai sulhu ya faɗi wanda yake da laifi. Likita ya ce a aikinsu ba a ɗora wa kowa laifi. Ya ce to ya ba da shawara. Ya ce ba a ba da shawara. Ya ce to me ake yi? Ya ce ana saurare. Yayan ya ce, "Bangon ɗakin nan ma yana saurare, kuma ba a biya masa kuɗin makaranta ba."

Daga nan ya juyo kaina. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya san ba a kiran mai sulhu sai aure ya zo gargara. In na gaji da ƙanwarsa in faɗa a gabansa, ba sai na ɓuya a bayan ɗan makaranta ba. Ya ce, "Tunda yanzu ka iya rubutu, rubuta mata takardarta. Na zo da mota."

Sai a lokacin na ga ramin da na haƙa. A wurinmu wa ya taɓa kiran na uku cikin aure don kawai a duba lafiyarsa, kamar awon ciki? Na yi rantsuwa, na sake yi, na ce aikin makaranta ne, taimakon yaro nake yi. Yayan ya daɗe yana kallona. Ya ce wato shagonsa ya rufe, ya ƙona mai tun daga Kurna, don ɗan yayata ya ci jarrabawa. Ya tashi ya kaɗe riga, ya ce Allah Ya shirye mu ni da Likitan, ya fita.

 Katunan Likita sun ƙare, saura tambaya ɗaya da yake yi wa kowa har muka mai da ita abin tsokana a gidan abinci. Ya share goshi ya ce, "Umma, yaya kike ji?" Na kusa yin dariya. Na san amsar: lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ba ta ce haka ba. Ta sauke hijabin daga fuskarta. Sannan ta yi magana, ba ta kalle ni ba, kuma da shi take yi, ba da ni ba.

"Ka tambayi kawunka wa yake karanta mini saƙonsa. Ni allo na yi, ban yi boko ba, ya sani. 'Yarmu da take karanta mini ya aurar da ita bara waccan. Sauran maza ne, ba zan miƙa wa ɗana saƙon ubansa ba. Gidan maƙwabciya nake kai wa, mai ɗinki, ta karanta a gaban duk wadda ta zo karɓar kaya. Ranar da ya rubuta yana kewata, sai da aka yi sati ana yi mini waƙa da shi. Da ya rubuta mai sulhu, su suka ce mini dama namijin da ya koyi rubutu da furfura takarda ɗaya yake hari."

Ta goge ido ta ci gaba. Ta ce a da in na turo murya tana ajiyewa, ta kunna tana girki, ta sake kunnawa in gidan ya yi mata faɗi. Ta san sunan abincin da na tsana, ta san ranar da ruwa ya dake ni a hanyar Shiling. Yanzu shekara biyu abin da take samu shi ne: lafiya lau, an tura kaya, a gai da yara. Shi ma da muryar maƙwabciya. Ta ce ba ta faɗa ba ne don ta ga yadda nake murna da rubutun, ba ta so ta rage mini.

Ban san lokacin da hannuna ya kai kan kwalin nan ba. Na zari ɗaya, na zari biyu. Ina cikin haka Likita ya dubi agogo, ya gyara murya, ya ce minti hamsin sun cika, za mu tsaya a nan mu ɗora a zama na gaba. Ni da ake yi wa kirari da haƙuri, ranar na ce masa ya ɗauki agogonsa ya jira ni a waje. Na ja wayar gabana, na yi mata magana da bakina har caji ya ƙare. Na fara da ban haƙuri, na ƙare da labarin wata miyar ganye da aka ba ni a masana'anta wadda har yau ban san ko ganyen mene ne ba. Sai da na ji dariyarta hankalina ya kwanta.

Bayan sati biyu Likita ya zo jiki a sanyaye. Malamarsa ta saurari zaman, ta ce ba za a lissafa masa shi ba, domin a aikinsu haramun ne mutum ya duba danginsa, kuma wannan yana cikin darasin farko. Wato an kusa kashe mini aure, an tayar da surukina daga kasuwa, an zubar mini da hawaye a gaban ɗan yayata, duk a kan abin da ke shafin da bai karanta ba. Daga baya ya samu wasu ma'auratan ta hanyar makarantar, ya cika abin da ake nema, yanzu lasisinsa yana rataye a bango cikin gilashi. Aure dai har yau yana nazari.

Na yi masa dariya iya dariya, kuma ban daina ba. Amma in zan faɗi gaskiya, tambayar nan tasa da muka raina, ni mai shekara ashirin da huɗu a cikin aure ban taɓa yi mata ita ba, sai da tuzuru ya karanto ta a kati. Abin da na koya shi ne, shirun gida ba shi ne zaman lafiya ba, kuma haƙurin da ake yabona da shi, ashe wata ce take yi ana rubuta mini ladan. Rubutu kuwa ina nan ina yi, ga shi ma kuna karantawa. Sai dai kafin ya iso gare ku, na karanta mata shi da muryata tun daga farko har ƙarshe. Ta ce in cire wurin da na ce idanunta sun kumbura. Na ce mata wannan kam meyo.