Babu Daƙiƙi a Motar Malam Muntaka

Duk wanda ya saba bi ta bayan kasuwar Yelwa a nan Garwa da sassafe ya san ƙaramar farar motar nan mai allo a ka, ya kuma san mai ita. Malam Muntaka yana fitowa daga masallaci zai ɗebo ruwa a bokiti ya wanke gilashi, ya buɗe gaban mota ya duba mai da ruwa, ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana dunguri da ƙafa. Daga nan sai ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, ya ɗora butar shayi, ya zauna jiran ɗalibai. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana haka a makarantar koyon tuƙi ta Mushe Théodore, wadda kowa ke kira oto-ekol. Asabar ɗin da ta wuce ya ajiye makulli, ni kuwa na ce wallahi ba zai koma gida shiru ba, sai an ji labarinsa!

Muntaka ɗan mahauta ne. A aji huɗu ya bar makarantar boko, bayan wani malami ya faɗa wa mahaifinsa a gabansa cewa kan yaron ba ya ja. Ya girma ya zama direban babbar motar auduga a hanyar Tuboro, har Mushe Théodore ya ga natsuwarsa a sitiyari ya ɗauke shi koyarwa. Amma maganar nan ta malami ba ta bar zuciyarsa ba. Ya sha faɗa cewa abin da ya daɗe yana ɗaure masa kai shi ne, yaya aka yi mutumin da kansa ba ya ja ya haddace kowane rami da kowace kwana daga Garwa zuwa Tuboro?

Shi ya sa ranar farko ba ya barin ɗalibi ya taɓa mota. Tabarma zai nuna maka, ya miƙo shayi, ya ce, "Faɗa mini abu ɗaya da ka iya sosai. To, yaya aka yi ka iya shi? Gani ka yi, ji ka yi, karantawa ka yi, ko kuwa hannu ka sa?" Mushe Théodore ya sha tsayawa a bakin ofis yana ƙorafi da Faransanci, wai shi direbobi ya ce a horar masa, bai buɗe teburin mai shayi ba. Muntaka sai ya yi dariya ya ce, "Patron, ka bar ni in san mutumin tukuna."

Akwai Sulaimanu, dillalin shanu, wanda ya zo a fusace don alamomin hanya sun ƙi zama a kansa. Muntaka ya bi shi kara, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwa, ya tsaya yana kallon ikon Allah: mutumin nan yana hango saniya daga nesa cikin garke zai faɗi mai ita da garin da ta fito, daga ƙaho da tabon cinya kawai. Muntaka ya dawo da murna ya yanka kwali, ya zana alamomin, ya rataya su a jikin dalbejiya. "Ga garkenka," in ji shi. "Masu kusurwa uku da jan baki, gargaɗi suke yi. Masu da'ira da ja, hani. Shuɗɗan nan, umarni." Sulaimanu ya zagaya bishiyar sau biyu yana kaɗa kai, ya ce, "Ashe dangi-dangi ne! Me ya hana a faɗa mini tun farko?"

Amma labarin da mutanen Yelwa suka fi so shi ne na Ramatu. A shekarun nan ne da tattalin arziki ya karye, aka zaftare albashi, kasuwa ta mutu tsaye. Mijinta Idrisa yana da akori-kura da yake ɗauko albasa da busasshen kifi daga Bibemi, da ita gidan ke ci. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Mota ta tsaya a ƙofar gida tana tara ƙura, ƙannen mijin suka fara maganar a sayar. Ramatu ta ce a ba ta lokaci, ita za ta tuƙa. Aka yi dariya. Ta shiga wata makarantar, ta faɗi jarrabawar dokokin hanya har sau biyu, malamin can ya ce ta koma kicin. Ƙannen miji suka ce in ta sake faɗuwa, mota ta tafi.

Haka ta zo gindin dalbejiya, idonta jajir. Muntaka ya yi mata tambayarsa.

"Ni ban iya komai ba, Malam," in ji ta. "Littafin nan in na buɗe shi, baƙaƙen rawa suke yi mini."

Bai matsa mata ba. Ya ce ta riƙa zuwa tana zama a kujerar baya tana kallo. Rana ta uku, yana tayar da mota, sai ya ji murya daga baya.

"Malam, motarka ba ta da lafiya yau. Jiya ba haka take kuka ba."

Ya kashe inji ya buɗe gaban mota. Bel ɗin fanka ya saki! Shi da ya shekara da motar bai ji ba. Waɗanda suke wurin sun ce Muntaka ya jefa hularsa sama yana ihu kamar wanda aka yi wa albishir ɗin haihuwa. "Kunne! Ramatu, basirarki a kunne take! Wa ya ce ba ki iya komai ba?" Da ya bincika, ashe ita ce matan unguwa ke kira in ana biki, don waƙa sau ɗaya take ji ta riƙe, ta Hausa ce ko ta Fillanci.

Ranar nan ya karɓe littafin daga hannunta. Ya samo kaset da rikoda, ya zauna ya karanta dokokin kaf, kowace da Faransanci sannan da Hausa, yana jan murya kamar mai waƙar daka. Muryar Malam Muntaka kuwa, Allah ya ba shi haƙuri, ba ta waƙa ba ce. 'Ya'yansa har yau suna kwaikwayonsa. Ramatu ta riƙa sauraro tana girki, tana sauraro tana yi wa mijinta tausa, har Idrisa da ke kwance ya haddace rabi. Sai da dokokin suka zauna mata a kunne sannan ya mayar mata da littafin, ta ga baƙaƙen sun daina rawa, don ta riga ta san abin da za su ce. A cikin mota kuma ya rufe agogon gudu da hularsa. "Kada ki kalli komai sai hanya. Inji zai faɗa miki lokacin canza giya. Kin ji ya fara kuka? Kuloci! Sa ta biyu!"

Ranar jarrabawa Muntaka ya kasa zama, yana ta kai da kawowa a bakin ƙofa. Da aka fito, ya hango ta tana tafe tana rufe baki da gyale, bai san kuka take ko dariya ba. Sai ta ɗaga hannu ta rangaɗa guɗa a gaban jandarmomi! Ranar kasuwar Bibemi ta gaba, aka ɗauko Idrisa aka zaunar da shi a kujerar gaba, Ramatu ta ja akori-kura ta bi hanyar Pitowa, matan Yelwa na bin ta da tafi har bakin kwalta. Ba a sake maganar sayarwa ba.

Kada kuma a ɗauka Muntaka ba ya ganin girman masu karatu. Georges tsohon ma'aikacin ofis ne da aka sallama, ya zo neman lasin don ya yi tasi. Littafin dokoki kam ya cinye shi, amma da zarar an yi masa magana yana tuƙi sai ya rikice. Muntaka ya yi ta bayani, abin yana ƙara lalacewa, har ya gane cewa bakinsa ne matsalar. Ya ce, "Mushe Georges, kai ta ido da takarda kake shan ilimi. Je ka karanta yadda ake ribas yau, gobe ni kurma ne." Washegari ya zauna a gefe ya kame baki, abin da duk wanda ya san Muntaka zai ce ya fi azumin bazara wuya. Georges ya shigar da motar tsakanin duro biyu sumul.

Malam Muntaka, kai ne malamin da ba ya cewa ɗalibi ya kasa sai ya tambayi kansa ko shi ne bai gano hanya ba. Kai ne ka mayar da gindin bishiya wurin da manya masu furfura suka fara jin cewa su ma suna da kai. An yi maka rauni da kalma ɗaya kana yaro, ba ka rama a kan kowa ba, sai ka ƙare ƙarfinka kana cire ta daga zukatan mutane. Direban direbobi, sannu da aiki!

Da kansa ya ce zai sauka, don ido ya fara yi masa hazo, kuma ya ce ba zai ɗauki ran ɗan mutane a hannu yana lalube ba. Ya zaci sallama ce ta shayi da addu'a. Ina! Kafin la'asar titin ya cushe: tasi, akori-kura, manyan motocin shanu, har da motar asibiti da direbanta ya roƙi izinin zuwa. Ham ko'ina, yara na tsalle, Mushe Théodore da sandarsa yana share hawaye yana godiya da Fillanci, "Useko, Muntaka, useko." Hajiya Ramatu, wadda yanzu motocinta uku ke hanya, ta buɗe masa ƙofar baya ta ce yau shi alhaji ne, ita za ta kai shi gida. Ya shiga yana noƙewa. Ba a yi nisa ba aka ga ƙafarsa tana danna ƙasa tana neman birkin da babu. Da suka doshi kwanar gidansa ya kasa daurewa.

"Sigina, Ramatu! Sigina!"

"Malam, tun can na sa," in ji ta. "Ba ka ji ƙararta ba?"

Motar ta kaure da dariya, shi ya fi kowa.

Mun gode, Malam Muntaka. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka huta cikin jikoki, ya saka maka da alherin duk wanda ya isa gida lafiya ta dalilinka. Ku kuma iyaye, da malaman boko da na allo, da masu gidan sana'a daga Garwa har Marwa, akwai wani a hannunku yau da kuka fara yanke wa ƙauna. Kafin kalmar nan ta fito daga bakinku, ku zaunar da shi, ku dube shi da kyau. Kunnensa ne, idonsa ne, ko hannunsa? Yana da tasa basirar. Ku nemo ta.