Muryar Baba a Bayan Darasi

Ƙyanda ce ta tafi da idanuna tun ban isa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Da aka sa ƙannena aka bar ni, na yi ta kuka har mushen unguwarmu, malamin lakwal ɗin, ya ce in riƙa zuwa ina saurare. Daga baya ya samo wani tsohon manyeto, rikoda mai kaset, a kasuwar tsallaken gada. Da la'asar yakan zo tsakar gidanmu ya karanta darasi a cikin kaset, ni kuma in yi ta juyawa har pil, wato batir, ya mutu. Wannan akwatin shi ne littafina, ban da wani.

Sai dai manyeto ba shi da kunya, duk abin da ya ji ɗauka yake. A bayan muryar mushe akwai dakan Inna, akwai akuyarmu mai shegen surutu. A kaset ɗin lissafi kuwa akwai Baba. Ranar ya dawo daga fadamar shinkafa ransa a ɓace, bai san ana ɗauka ba, ya ce masu kakin nan sun mai da ƙasa gonar ubansu, Allah ya isa. Zamanin soja ne, an sha ɗauke mutum a Gaya kan maganar da ba ta kai wannan ba. Babu wanda ya lura sai ni da nake sauraren kaset ɗin, ni kuwa yarinta ta sa dariya ma abin yake ba ni.

Da aka yi hutu muka kama hanyar Yelu wurin kakata, ni da Inna, manyeton na naɗe cikin zane a cinyata. A shingen sojoji aka sauke mu duka. Na ji takalmi mai nauyi ya tsaya a gabana, aka zare zanen.

"Wa'azi ne ko siyasa?" in ji sojan.

"Karatun yarinya ne, ranka ya daɗe," in ji Inna. "Ba ta gani."

Ya danna. Da jin gyaran muryar mushe na gane kaset ɗin lissafi ne. Na san shi kamar yunwar cikina: akuya za ta yi kuka, taɓarya za ta tsaya, ƙyauren zaure zai yi ƙara, sai Baba. Inna ba ta san komai ba, har tana gyara mini ɗankwali. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, ina ta tunanin wa zai ja ni zuwa gidan kaso in gaida Baba.

Akuya ta yi kuka. Da ƙyauren ya yi ƙara sai na buɗe baki na kama lissafin da faransanci iya ƙarfina, kamar mai tallar fura, ina bin mushe, ina wuce shi, ina kuskure ina ci gaba. Fasinjoji suka yi ta dariya. Ban tsaya ba sai da taɓaryar Inna ta dawo a cikin kaset.

Sojan ya kashe, ya ɗora mini manyeton a hannu. Ya sunkuyo har na ji warin taba a bakinsa, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Kin iya karatu, yarinya. Ki gaya wa tsohon nan na cikin kaset cewa na shinge yana gaishe shi."

Da muka koma na isar da gaisuwar. Baba bai ci tuwo ba ranar, kuma har damina ta wuce duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai hira ta yanke. Ba wanda ya zo. Mushe ya goge kaset ɗin, ya koma ɗauka a ɗakinsa da ƙofa a rufe, darasi tsaf babu akuya babu daka. Baba ya rasu bai ga faɗuwar sojojin ba, kuma kaset ɗin nan ne kaɗai ya taɓa ɗaukar muryarsa.