Gaisuwar da Aka Yanke wa Yaya Sanobar

Duk wadda ta taɓa kai keken ɗinki gyara a kasuwar Margilan ta san Holmat. Shekara talatin da takwas yana rumfa ɗaya, a bakin layin masu siliki. Gajere ne mai farin gashin baki, kuma ba ya sa wa keke hannu sai ya fara murza shi ya kasa kunne. "Bari ya faɗi ciwonsa tukuna," haka yake ce wa masu gaggawa. Mutum ne da duniya ba ta cika damunsa ba. A ba shi koren shayi da gurasa mai zafi, a bar shi ya yi gardamar kokawa da abokinsa Tursunali wanzami, to ya gode wa Allah. 'Ya'yansa mata biyu suna ɗakunansu lafiya, a kakar bana kuma ya aurar da autansa Davron.

Daga wannan bikin ne abin ya taso.

Holmat yana da yaya, Sanobar, wadda ta goya shi tun yana ɗan shekara shida, da mahaifiyarsu ta rasu. Da saƙar hannunta ta ciyar da shi. Saura mako uku biki ta zame a bakin famfo, a ƙauyensu can bayan Rishtan, ƙugunta ya karye. Ta kwanta, ba zuwa.

To, kowa ya san yadda muke gaisuwar amarya washegarin biki: mawaƙiya ta riƙe ganga tana kiran dangi da suna ɗaya bayan ɗaya, amarya a lulluɓe tana sunkuya wa kowa, wanda aka gaisar ya miƙa kyautarsa. Holmat ya sa aka ajiye matashi a farkon sahu, aka shimfiɗa farin mayafin Sanobar a kai, ya ce a kira ta kafin a kira shi. Haka kuwa aka yi.

Sai mai bidiyon da aka ɗauko ya yi tasa gwanintar. Ya matse biki duka cikin minti arba'in, ya zuba kiɗa da tattabaru da furanni masu juyawa, ya yanke wurin matashin ƙaf. A ganinsa ba kowa a wurin. Bidiyo ya zaga wayoyi har ya isa ƙauye, wata maƙwabciya mai son a ce ita ta fara kawowa ta kunna wa tsohuwa. Sau biyu Sanobar ta kalla. Da Holmat ya kai mata amarya, sai ta juya fuska ga bango.

"Yaya, wallahi ke aka fara kira."

"Faɗa ai ba wuya. Na ga an gaida har matar mai sayar da kankana. Ka mayar da yarinyar mutane gida, ba ita ta yi min ba."

"Ga ta nan, yanzu ma sai ta gaishe ki."

"Gaisuwar ɗaki daban, ta gaban jama'a daban. Ni za ka koya wa?"

Abin ya yi wa Holmat ciwo ƙwarai. Shekararta saba'in da ɗaya, tana kwance, ya kuma san karayar ƙugu ba ta cika tayar da tsoho ba. Tsoronsa kada ta tafi tana zaton ya manta da ita.

Ya je wurin mai bidiyo. Mutumin ya ce kakar aure ce, a dawo bayan wata biyu, ya miƙo masa ɗanyen abin da ya ɗauka. Gaisuwar tana ciki kuwa, tar, amma shiru kamar a mafarki, don ya kashe sauti tun da dama kiɗa zai ɗora. Muryar mawaƙiya kuma tana cikin wayar Mavluda, matar Holmat, wadda ta ce za ta ɗauki hoto kuka ya ci ƙarfinta, ta ɗauko darduma da yatsun ƙafarta minti goma cur.

"Hoto a can, murya a nan," in ji Mavluda. "Sai ka ɗinke su, Baban Davron. Ba kai ne gwanin ɗinki ba?"

"Ni gyaran keke nake yi, ba ɗinki ba. Da kin riƙe waya kamar mutane..."

"Da kai ka ɗauko mai bidiyo kamar mutane."

Akwai tsohuwar kwamfuta a gidan, wadda 'yan matan suka bari, an rufe ta da ƙyalle mai surfani an ɗora tukunyar fure a kai. Holmat ya sauke fure. Saura manhajar da ake yanka bidiyo da ita, kuma a nan ne ya gane suna da yawa kamar kankana a kaka.

Tursunali ne ya fara kawo shawara, yana aske wa wani ƙeya. "Ka ɗauki wadda 'yan fim suke aiki da ita a Tashkent. Namiji ba ya fara hawa da jaki."

Yini guda aka yi tana sauka. Da aka buɗe ta, maɓallai suka cika allo har ido ya rasa inda zai sauka, kwamfuta ta hau gurnani, fankarta na ihu, sannan ta sandare. Holmat ya kara kunne a jikinta, ya girgiza kai. Kayan sun fi ƙarfinta. Da yamma ya ce wa Tursunali, "Dokinka ya karya min garke. Ka tsaya a kan ƙeyar mutane."

Ta biyu kyauta ce, ga sauƙi, har ya fara murmushi. Sai da ya fitar da gwaji ya ga ta buga tambarinta ɓaro-ɓaro a tsakiyar hoto, daidai kan mayafin Sanobar. In ana so a cire, sai a biya kowane wata, kuɗin buhun fulawa. Kai! Araha ba ta ado.

Ta uku ita ce mai wayo. An ce kai dai ka zuba mata bidiyo, ita za ta zaɓi wurare masu daɗi da kanta. Ya zuba. Ta yi tunaninta, ta fito da rawa da tukwanen shinkafa, ta tsallake matashin, daidai inda mai bidiyo ya tsallake. Holmat da ba a san shi da zagi ba, ranar sai da Mavluda ta leƙo daga madafa ta ce ya ji tsoron Allah, akwai amarya a gida.

Amaryar ce kuwa, Dilrabo, ta kawo masa shayi. Ta tsaya nesa kaɗan, hannu a ƙirji.

"Baba, in mace ba ta taɓa ɗinki ba ta zo wurinku, wane keke kuke zaɓa mata?"

"Mai ɗinki miƙe kawai. Wanda teburinta zai ɗauka, wanda ba zai ci mata kuɗi kullum ba." Ya dube ta. "Au! Yau ni aka zaɓa wa keke."

Da wannan ma'auni suka nema. Suka samo wata 'yar ƙarama wadda ba ta da kwalliyar komai: almakashi ɗaya, layin hoto a sama, layin sauti a ƙasa, rubutunta da harshenmu, ba tambari, ba biyan wata-wata. Kwamfuta ta ɗauke ta ko tari ba ta yi ba.

Haɗa murya da hoto kuwa ashe aikinsa ne tun fil'azal. Keken ɗinki ba ya kama zare sai allura da ƙugiya sun haɗu a lokaci ɗaya, kuma shekara talatin da takwas yana saita wannan. Ya nemi inda tafin mawaƙiya ya sauka kan ganga a hoto, ya nemi bugun a cikin sauti, ya dinga matso da shi kaɗan-kaɗan, yana kasa kunne, har suka faɗa tare. Kwana uku yana rufe rumfa da la'asar saboda minti huɗu. A gefen hoton ya hango wani abu da ya so ya datse, Mavluda ta riƙe masa hannu. "Ka taɓa wannan, ka dafa wa kanka abinci har salla."

Ranar Juma'a suka tafi ƙauye. Dilrabo ta tsaya a tsakar gida. Holmat ya jona bidiyon a talabijin ɗin ɗakin, don gani ya kori ji.

Ganga ta buga. Muryar mawaƙiya ta cika ɗakin: "Wadda ta goya maigidan nan, ta ciyar da shi da zaren hannunta, Sanobar uwar gida, a gaishe ta!" Sanobar ta juyo daga bango. Ga matashi, ga farin mayafinta, ga mata sun yi tsit. Amarya ta sunkuya sau uku, a na ukun ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Mayar baya," in ji tsohuwa.

Ya mayar. Sau huɗu yana mayarwa. A na huɗun ta nuna gefen allo da yatsa.

"Wane gajere ne wancan yake goge hanci da hula kamar an ƙwace masa gurasa?"

"Hayaƙin tukunya ne, Yaya."

"Maƙaryaci. Haka kake yi tun kana shekara shida."

Ta cusa hannu ƙarƙashin matashin da take kai, ta jawo wani ƙullin ƙyalle da ya yi laushi don riƙo. 'Yan kunnen mahaifiyarsu ne, waɗanda Holmat bai sake gani ba tun ranar da aka cire su daga kunnen marigayiyar. Ashe tun kafin biki suna nan ƙarƙashin kanta.

"Tsayuwar me kake yi?" ta ce. "An gaishe ni wata guda ban amsa ba. Kira min yarinyar."