Ragowar Maganin Juwai

Wata rana na ɗauko wata mata da 'yarta a adaidaita sahuna daga ƙofar asibiti.

Yarinyar ba ta wuce shekara bakwai ba. Juwai sunanta. Sai an kira ta sau biyu take waiwayowa, da kunnen dama.

Muna tafe uwar tana ba ni labari. Shekara guda kunnen hagun yana zubar da ruwa. Su sayo kafso a kemis, kwana biyu ya tsaya, su daina. Ya dawo, su sake sayowa. Har ciwon ya saba da maganin, ya daina jin sa.

A asibiti aka gwada ruwan, aka canja mata magani na sati biyu. Ranar kwana tara ke nan.

Ta ce, "Alhamdu lillahi, ya bushe ƙayau. Ragowar ma ƙanenta zan ajiye wa, shi ma ya fara sosa kunne."

Na gangara gefen titi, na kashe mashin.

"Lafiya, malam? Mai ne ya ƙare?"

"A'a, Yaya. Abin da na gaya wa matata ke nan bara kan kunnen 'yarmu: ya bushe, a ajiye sauran. Da ciwon ya dawo, kai ya hau mata, ta rasu. Batula sunanta. Shekararta huɗu."

Motoci na ta wucewa.

Can ta ce, a hankali, "Allah ya sa mai ceto ce."

Na ce amin.

Juwai ba ta ji mu ba. Ta jawo mayafin uwarta, ta ce, "Umma, in na shanye duka, 'yan Islamiyyarmu za su daina toshe hanci in na zauna?"

Uwar ta kira mai ruwan leda, ta ɓallo ƙwayar azahar, ta sa mata a baki da hannunta.

Darasi: Bushewar kunne ba ita ce warkewa ba. Maganin da likita ya ce a shanye, a shanye shi har ƙwayar ƙarshe, kuma kada a ba wani yaro ragowa. Jin yaro ne a ciki, da wasansa cikin tsaransa, wani lokaci ma ransa.

Don Allah ku tura wa duk mai ƙaramin yaro a gida. Ni babu wanda ya tura mini.