Alawayyon Dakta Ummakulsum

Kullum da hantsi takan sauka daga adaidaita a mahaɗar Bata, ta ƙarasa da ƙafa zuwa wani ɗan ɗakin gwaji a Sabon Gari. Dakta Ummakulsum Nu'uman ke nan. Ba marasa lafiya take dubawa ba, tsokar da aka yanko daga jikinsu take sawa a ƙarƙashin madubin likita, ta faɗi ko ciwon daji ne ko a'a. Shekara talatin tana wannan aiki, amma yawancin waɗanda ta yi wa ko fuskarta ba su sani ba.

Ni tela ne a Fagge. Duk wata takan aiko mini da alawayyo, in yanka ƙanana-ƙanana in kalmashe bakinsu. Har tsokanarta nakan yi, wai ko hankici take sayarwa a ɓoye. Murmushi kawai take yi.

Sai da aka cire wa matata Ruwaida mama sannan na gane. Likitoci suka ce a kai gwaji, ni kuwa na kafe: naman ɗan Adam binne shi ake yi, ba a tsoma shi a kwalba. Irin wannan kafewa tamu ta sa an yi wa mutane da yawa magani da ka. Dakta ta tako har shagona.

"Malam Abdulmuminu, ba ni kwana goma," in ji ta. "Abin da zan riƙe bai kai farce ba, shi ma sai Ruwaida ta yarda. Sauran amana ne, zan dawo maka da shi."

Ruwaida ta riga ni amincewa. Ran kwana na goma Dakta ta kawo sauran da hannunta, a naɗe tsaf cikin farin ƙyalle. Na juya ƙyallen, sai na ga ɗinkina ne. Na kasa ɗaga kai.

Ashe haka take yi wa kowa. Obinna mai kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari ya ce mini shi ma a farin ƙyalle aka dawo masa da na mahaifiyarsa.

Ruwaida ta rasu bayan wata bakwai. Ɗan abin da ta bari yana cikin ɗaruruwan da Dakta ke nazari, tana neman dalilin da garkuwar jikin wani ke yaƙar cutar, ta wani kuma ta sallama. Ba ta kai ga amsar ba idonta ya raunana. Watan jiya ta ajiye aiki, kuma wallahi abin ya yi mini ciwo.

Dakta, ke ce mai cika alkawari. Kin nuna mana ana iya neman ilimi a jikin mutum ba tare da an wulaƙanta shi ba. Na gode, Allah Ya haskaka miki kamar yadda kika haska mana.

Ku kuma matasan likitoci, duk wanda ya hau kujerarta ya ɗauki wannan amana. Na yanka ƙyallayen wannan watan, na kalmashe, suna nan a kan kekena. Har yau ba wanda ya zo karɓa.